Yaro baya kwafar rubutun allo, uba kuma zare ya daina shiga allura: ta yaya ake gane ido ne?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce yaronka ɗan shekara 9 yana aji huɗu na firamare, malaminsu na ta ƙorafi baya kwafar aikin allo, in ya kwafa ma sai ya tsallake layi, har an fara ce masa daƙiƙi, ka tambaye shi ko yana gani yace eh yana gani. Kai kuma tela ne ɗan shekara 46, yanzu zura zare a allura ya zama aiki, in ka yi ɗinkin dare kuma sai ciwon kai. Kana so ka san yadda ake tantance cewa ido ne matsalar da kuma irin gwajin da ya kamata a yi muku. Toh gwajin ido shine sana'ata, bari in yi maka bayani dalla-dalla, amma ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Abu na farko, don Allah ka cire maganar "yace yana gani" daga lissafi gaba ɗaya. Yaron da ya taso yana ganin allo dishi-dishi bai taɓa ganin sa tar ba balle ya san akwai abin da ya rasa, shi a wajensa haka kowa yake gani, kuma ko da ya lura ma yara da yawa suna ɓoyewa saboda kar a tsokane su ko a ce ƙarya suke don kar su yi aiki. Gani kuma ba abu ɗaya bane, akwai ganin nesa, akwai ganin kusa, akwai yadda idanun biyu suke haɗa kai su yi aiki tare, akwai ganin gefe, akwai bambance launi, sannan akwai lafiyar ƙwayar idon ita kanta daga waje har cikin jijiya. Kowanne da gwajinsa daban, mutum zai iya cinye ɗaya ya faɗi ɗaya, shi yasa nake jin haushi in aka nuna wa yaro takardar haruffa ta minti biyu aka ce masa tashi idonka lafiya lau.

Wannan takardar haruffan da kake gani manne a bangon asibiti, babban harafi a sama suna ta ƙanƙancewa zuwa ƙasa, wani likitan ido ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ne ya fito da ita a 1862 kuma har yau da ita ake farawa. Ana tsayar da mutum mita 6 daga takardar, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan, sannan a juya. In an rubuta maka 6/6 yana nufin ganin nesa daidai yake. In an rubuta 6/12, ma'ana abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 12 kai sai ka matso mita 6 kafin ka iya karanta shi, haka 6/18, 6/60, lambar ƙasa na ƙara girma gani na ƙara rauni, wanda ya gaza 3/60 a idonsa mafi kyau shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafawa a makaho. Wanda bai iya boko ba ko ƙaramin yaro akwai ta harafin E mai juyawa, kawai ya nuna da hannu inda ƙafafun suka kalla, saboda haka rashin karatu ba uzuri bane. Ga ɗan makaranta, in ido ɗaya ya kasa karanta layin 6/12, ko kuma aka ga tazarar layi biyu tsakanin dama da hagu, dole a yi masa cikakken gwaji. Kuma a kula da yara wajen rufe ido, suna leƙe ta tsakanin yatsu ba tare da sun yi niyyar cuta ba, gara a sa kati ko tafin hannu ba tare da an danne idon ba.

Tun kafin ku je asibiti akwai abin da zaka iya yi a gida yau ɗin nan. Ka rubuta haruffa da lambobi a takarda, manya da ƙanana, ka manna a bango inda haske yake sosai, ka tsayar da shi kamar taku takwas, ka sa yayansa ko wani da ka tabbatar idonsa ƙalau ya tsaya kusa da shi ku kwatanta, ido ɗaya-ɗaya. In ya kasa, ka samu kati ka huda shi da allura ƙaramin rami, ya leƙa ta ramin ya sake karantawa. In rubutun ya washe ta cikin ramin, alama ce mai ƙarfi cewa gilashi zai gyara abin. In bai washe ba to matsalar tana iya zama wani abu daban, shi ne ma ya fi buƙatar a hanzarta. Akwai kuma manhajar waya mai suna Peek Acuity da aka yi amfani da ita wajen gwada ɗalibai a makarantun Kenya, malamai ma suna iya amfani da ita. Amma duk wannan nuni ne kawai, baya maye gurbin zuwa wajen ma'aikacin ido.

Yadda ka siffanta yaron, zato na farko shine rashin ganin nesa. Irin waɗannan yaran zaka ga suna ƙanƙance ido in suna kallon allo, suna matsawa jikin talabijin, suna kwafa daga littafin na kusa da su har malami ya ɗauka satar amsa suke, in an mayar da su bencin baya kuma shikenan karatu ya tsaya. Littafi a hannu suna karanta shi lafiya, allo ne ya gagare su. Akwai kuma wanda gaban idonsa bai zagaye daidai ba, ya ɗan karkace ta gefe ɗaya, shi nesa da kusa duka haruffa suna masa inuwa, zai rikita 3 da 8, ko ya riƙa karkata kai in yana kallo. Dukkansu gilashi na gyarawa tar.

Wanda ya fi ɓoyewa, kuma shi na fi so ka riƙe, shine yaron da idonsa yake wahala da kusa. Idon yaro yana da ƙarfin matse kansa ya gyara hoto, saboda haka irin wannan yaron zai tsaya gaban takardar bango ya karanta 6/6 tsaf a ce masa lafiya, alhali yana yi ne da ƙarfin tsiya, in ya zauna karatu na minti goma sha biyar sai ido ya gaji, ruwa ya fara zuba, goshi ya fara ciwo, ya fara murza ido yana hamma, ya ajiye littafin. A gida a ce malalaci ne, a Islamiyya a ce baya son karatu, musamman in Alƙur'anin mai ƙananan rubutu ne wasulla suna haɗe masa. Ba'a kama wannan sai an ɗiga masa maganin da yake sassauta wannan matsewar na ɗan lokaci sannan a auna. Maganin yana ɗan zafi na daƙiƙoƙi, baƙin idon zai buɗe, ganin kusa zai dushe kuma rana zata dame shi na kwana ɗaya ko makamancin haka, wani nau'in ma ya fi haka daɗewa, duk yana wucewa. Iyaye da yawa suna tsorata su ce an lalata wa yaro ido, a'a, gwajin ne haka. Ni a ganina duk wanda zai yanka wa yaro ɗan shekara 9 gilashi karon farko ba tare da wannan ɗigon ba, bai gama aikinsa ba, kuma kana da haƙƙin ka tambaya.

Maganar tsallake layi da ka yi ita ta sa zan so a duba haɗin kan idanun biyu. In mutum zai karanta abu kusa dole idanun su juyo ciki tare su tsaya a kan kalma ɗaya, wasu nasu baya jurewa, sai rubutu ya riƙa rabuwa biyu ko yana rawa, yaro ya ɓata layin da yake, ko ka gan shi ya rufe ido ɗaya da hannu ko ya kwantar da kai a kan benci yana rubutu. Gwajin mai sauƙi ne, a riƙe fensir a gabansa ana matso da shi a hankali zuwa hanci, ya kamata ya ci gaba da ganin sa guda ɗaya har ya kusa santimita 10 ko ƙasa da haka. In ya rabu biyu tun daga nesa ko ka ga ido ɗaya ya zame gefe, akwai magana, kuma wannan sau da yawa motsa jikin ido ake koya masa.

Sai ragon ido, wato ido ɗaya da bai koyi gani ba tun yarinta saboda harara-garke ko saboda lambar gilashin da yake buƙata ta fi ta ɗayan sosai, ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta dogara da mai kyau. A waje idon yana nan garau ba wanda zai ce akwai matsala, sai ranar da aka rufe mai kyaun. Maganinsa gilashi ne da rufe ido mai kyau na wasu awanni kullum don a tilasta wa ragon aiki, kuma yafi ci kafin shekara 7 zuwa 8, bayan nan yana ƙara wuya duk da ba'a fid da rai. Naka yana 9, kaga kenan ba abin a ce sai an yi hutu bane. In yana da ƙanne ka haɗa da su. Masu cewa harara-garke gado ne a bar shi zai daidaita da kansa suna cutar yara, jaririn da ya wuce wata shida idonsa na karkacewa a kai shi a duba, haka wanda aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, wannan kam ko kwana kar a yi domin yana iya zama yanar ido ko ma ciwon daji na ido.

Akwai wani abu da muke gani sosai a nan Arewa, yara masu ƙaiƙayin ido na shekara da shekaru, farin idon ya koma ruwan ƙasa, ga kwantsa mai yauƙi, abin ya tsananta lokacin ƙura da zafi. Yaron da ya kwana yana susa ba zai fahimci komai a aji ba, kuma yawan murzawar yana iya sa gaban ido ya siranta ya tsiro, lambar gilashi ta riƙa canzawa kullum. Inda abin yake ɓaci shine a je kemis a sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid irin su deksametason ko betametason, ana ɗigawa yaro ya samu sauƙi nan take sai a mayar da shi abin kullum wata da watanni, shi kuma yana iya hawar da ƙarfin ruwan ido ya cinye jijiya, ko ya kawo yanar ido. Wallahi wannan yana cikin abubuwan da suka fi ƙona min rai a aikin nan, yaro ya zo da ƙaiƙayi kawai ya ƙare da rasa gani saboda maganin kemis. In kuna da irinsa a gida ku tafi da kwalbar a gani. Ruwan albasa, ruwan batir, fitsari, nono, sukari, duk abin da ake cewa a zuba a ido lokacin apolo, kar a kusance shi, hakiya da yawa daga nan ta samo asali.

Launi kuma gwajinsa na minti biyu ne, wani littafi mai ɗige-ɗige da lambobi a ɓoye wanda likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917. Yafi samun maza, gado ne ta wajen uwa, ba shi da magani, amma sanin sa da wuri yana da amfani don kar yaro ya ci burin tuƙin jirgi ko wani aikin ɗamara sai a ranar tantancewa a cire shi. Mai aikin wayarin, da kai kanka tela da kake haɗa zare da yadi, ya kamata ku san matsayinku.

In duk an yi waɗannan aka samu idon lafiya, kar a koma kan maganar daƙiƙanci, a duba kunne, a duba ko yana karyawa kafin ya tafi, ko yana samun barci, a duba ajin ma kansa, allon da ya koɗe ana rubutu da alli mara kyau a ɗaki mai duhu ko mai lafiyar ido wahala yake sha. Akwai kuma yaran da matsalarsu ta haɗa harafi da sauti ce a ƙwaƙwalwa, suna da basira sosai amma karatu na musu nauyi, wannan ba ciwon ido bane kuma gilashi baya maganinsa, salon koyarwa yake so.

Yanzu kai Malam. Abin da ka faɗa kusan kowa yana haɗuwa da shi daga shekara 40 zuwa sama, madubin da ke cikin ido yana taurara ya daina lanƙwasa don ganin kusa, sai ka ga kana miƙa waya nesa kafin ka karanta saƙo, kana neman yaron shago ya zura maka zare, da magariba abin ya fi tsanani. Ba cuta bace, shekaru ne, kuma gilashin karatu yana gyara shi nan take. Yawanci ana farawa da wajen +1.00 a farkon shekarun arba'in, ya riƙa hawa har wajen +2.50 ko +3.00 in an kai sittin. Maganar da ake yi cewa in ka fara sa gilashi ido zai lalace ya dogara da shi ba gaskiya bace, lambar zata ƙaru ko ka sa ko baka sa ba, bambancin kawai wanda ya sa yana aikinsa cikin daɗi. Kuma abin yana taɓa aljihu kai tsaye, a wani bincike da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, waɗanda aka ba gilashin kusa yawan abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Ka auna wannan da ɗinkin sallah, ga kuskuren da ake warwarewa ga aikin da kake mayarwa don ka kasa yin dare.

In ka je gwaji ka faɗa musu sana'arka, wannan mutane suna rainawa. Tazarar da tela yake aiki ba ɗaya bace da ta mai kwamfuta, ta mai gyaran waya ma ta fi kusa, ta direba kuma nesa ce da gefe da dare. Ka auna daga idonka zuwa allurar keke da tef ɗinka na awo ka tafi da lambar, ko ka tafi da zare da allura a aljihu ka gwada a gabansu da gilashin gwaji a fuskarka. Kuma ka gyara hasken shago, fitila ta haska kan ɗinkin kai tsaye, mai shekara 46 yana buƙatar haske fiye da ɗan ashirin. Masu zaman ofis da masu POS da ke kallon sikirin wuni guda, nasu yawanci bushewar ido ce saboda ƙiftawa tana raguwa, ga fanka ko AC na bugun fuska, su riƙa ɗaga kai duk bayan minti 20 su kalli nesa na ɗan lokaci suna ƙiftawa.

Zaka iya cewa to ai sai in saya a bakin kasuwa wajen masu tallan gilashi a faranti. Gaskiya zai iya yi maka aiki in idanunka biyu lambarsu ɗaya, ba zan ce maka guba bane. Abin da nake tsoro shine ka saya ka ji daɗi ka fasa zuwa a duba cikin idon, alhali a shekarunka ne hawan jinin ido, wato ciwon da ke cinye jijiyar ido, yake fara ɓarna. Shi wannan baya ciwo, baya ja, yana cin ganin gefe ne a hankali tsakiya na nan garau, mutum yana karanta 6/6 har sai jijiya ta kusa ƙarewa, kuma abin da ya tafi baya dawowa. Ya fi yawa kuma ya fi saurin farawa a baƙar fata, kuma yana bin dangi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba hawan jinin ido na bi mata, kuma kusan kashi 84 na makantar abin da za a iya kauce masa ne ko a magance. Saboda haka ka ce a auna maka ƙarfin ruwan ido, wanda yawanci yake tsakanin 10 zuwa 21, a leƙa jijiyar, domin wani nasa lambar daidai take amma jijiyar na lalacewa, in an ga alama a yi maka gwajin ganin gefe a na'ura. In kana da ciwon suga, hawan jini ko sikila ka faɗa, waɗannan bayan ido suke taɓawa kuma suna buƙatar dubawa duk shekara. Ciwon kan naka ma mai yiwuwa gajiyar ido ce, amma a auna maka hawan jini ranar, kar a ɗora wa ido komai. Direbobi da masu adaidaita sahu da ke cewa fitilar mota na kashe musu ido da dare, ko dundumi ya fara kama su, su ne suka fi kowa buƙatar wannan gwajin saboda ba ransu kaɗai suke ɗauke da shi ba.

Wajen zuwa kuma, manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa suna da sashen ido, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, in kana nesa da su ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai su tura ka in da buƙata. Ka tabbatar wanda zai gwada ku ma'aikacin ido ne mai rajista, shagon sayar da firam kawai bai isa ba. Ku tafi da littattafan yaron na makaranta a ga irin kuskuren da yake yi, da duk wani magani ko tsohon gilashi. Kafin ranar, ka samu malamin ka roƙe shi ya dawo da shi bencin gaba ya kuma hana kiran sa da wancan sunan. In an rubuta masa gilashi a zaɓi firam mai ƙwari da ya zauna daidai a hancinsa, wanda shi yaron yake so, in ba haka ba a jaka zai riƙa ɓoye shi, madubin kuma ya zama na roba ba na kwalba ba saboda wasa. Ka karɓi takardar lambar ka ajiye, ku koma bayan shekara ɗaya ko ranar da suka ba ku, domin lambar yara tana canzawa yayin da suke girma, kuma ka bar shi ya riƙa wasa a waje da rana kamar awa biyu, an tabbatar hasken waje yana rage saurin kamuwa da rashin ganin nesa ga yara. In kuwa wani cikinku ya wayi gari gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, ko yana ganin walƙiya da wani abu kamar labule ya rufe gefe, wannan a tafi asibiti a ranar ko da dare ne.